Bayan alƙali ya ce "yara su zauna wajen uwarsu", me ya rage a rubuta?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina roƙon malamanmu da lauyoyinmu su warware mana wani abu. A unguwa abin da aka saba ji shi ne idan aure ya mutu, da an yaye yaro sai a kai wa ubansa, wasu kuma su ce sai ya cika shekara bakwai. Amma a gaban alƙali sai ka ga an bar wa uwa har manyan yara. Mu ɗauki misali: miji da mata a Kano sun rabu, akwai namiji ɗan shekara 6 da mace 'yar shekara 3. Wa kotu za ta ba riƙonsu, zuwa yaushe, kuma me ya kamata ya fito a takardar hukuncin don kada bayan wata biyu a koma gidan jiya?

Abu_Sumayya_Fiƙihu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kotunan shari'ar Musulunci a Arewa da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma maganar a fili take a Risala ta Ibn Abi Zaid: riƙon yaro bayan saki, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne. Namiji har ya balaga, mace har ta yi aure mijin ya tare da ita. Babu yaye a ciki, babu shekara bakwai. Asalin hukuncin hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ne, inda wata mata ta kawo kuka cewa mahaifin ɗanta ya sake ta kuma yana son ƙwace shi, Manzon Allah (SAW) ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. To a misalinki, duka biyun wajen uwarsu za su zauna, sai in an tabbatar da wani abu da ke kayar da haƙƙinta.

Dan_Kurmi_77:
Allah ya gafarta Malam, to ina aka samo shekara bakwai ɗin? Kowa ita yake faɗa, har da dattawa.

Abu_Sumayya_Fiƙihu:
Tana da tushe, amma a wasu mazhabobin. Hanafawa suna cewa namiji ya koma hannun uba a wajen shekara bakwai, mace a wajen tara. Shafi'awa kuma suna ba yaro zaɓi tsakanin iyayensa idan ya yi wayo, wajen shekara bakwai ɗin. Malikiyya ba ta ba da wannan zaɓin. Maganar yaye kuwa al'ada ce tsagwaronta. Shekara biyun da ke Suratul Baƙara aya ta 233 ta shayarwa ce, ba iyakar riƙo ba.

Barista_Hadiza:
Malam ya gama da tambaya ta farko. Ni ta ƙarshen ce ta fi damuna, domin a nan ake yin ɓarna. Hukuncin da ya tsaya a "kotu ta ba mai ƙara riƙon 'ya'yanta, uba ya riƙa ciyarwa, ya riƙa zuwa ganinsu" bai kashe rigima ba, ɗage ta kawai ya yi. Nawa ne ciyarwar? Ranar nawa ga wata? Ta hannun wa? "Zuwa ganinsu" ɗin a ina, tun da yanzu ba muharraminta ba ne kuma gidan iyayenta take? Duk abin da aka bari a buɗe, wanda ya fi ƙarfi ne zai fassara shi yadda ya ga dama.

Kafin alƙali ya rufe shari'a, a roƙe shi ya sa waɗannan a rubuce. Cikakken sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa. Adadin kuɗin abinci a wata da ranar biya, misali kafin 5 ga kowane wata, da hanyar biya: asusun banki ya fi, ko ta hannun rijistaran kotu, saboda ko wanne yana barin shaida. Kuɗin makaranta, na boko da na Islamiyya, a ware su daban, uba ya biya kai tsaye ga makarantar ya ba uwa kwafin rasit. Asibiti a raba shi biyu: ƙananan magunguna na yau da kullum, da kwanciya ko tiyata, a faɗi yadda za a sanar da uba da kuma abin da uwa za ta yi in ba a same shi a waya ba. Tufafi, da kayan sallah ƙarama da babba. Sai ziyara: wace rana, ƙarfe nawa ake ɗauka, ƙarfe nawa ake dawowa, wa ke ɗauka, a ƙofar gidan wa. Hutun makaranta da ranakun sallah su ma a faɗe su da suna, don a kansu aka fi samun saɓani.

UmmuKhalifa:
Barista ki ƙara da takardu. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, katin rigakafi, katin asibiti, sakamakon makaranta. Sau da yawa mace tana fita da yara, takardun suna kulle a ɗakin miji. Ranar da za a sa yaro sabuwar makaranta ko a yi masa lambar NIN sai a fara aike ana roƙo. A rubuta cewa na asali suna hannun mai riƙo, ɗayan ya riƙe kwafi.

Alhaji_Sabo_Gwale:
Ni dai ina ganin ana danne iyaye maza a wannan magana. Mutum ya biya abinci, ya biya makaranta, ya biya asibiti, amma ɗansa sai dai ya gan shi a zaure kamar baƙo? Namiji ɗan shekara 12 a hannun mace, wa zai tsawata masa?

Abu_Sumayya_Fiƙihu:
Alhaji, ranka ya daɗe, riƙo daban, walicci daban. Uwa ta samu riƙo, wato kwana, wanka, abinci, jinya. Walicci yana nan a hannun uba bai motsa ba. Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya faɗa ƙarara cewa uba yana da haƙƙin bibiyar ɗansa, da ladabtar da shi, da tura shi makaranta. Malamai sun yi bayanin cewa yaro zai iya wuni wajen ubansa, a kasuwa ko wurin sana'a ko karatu, amma ya koma ya kwana wajen mai riƙonsa. Aurar da 'ya mace ma na uba ne. Uwar da ta hana uba ganin ɗansa ta saɓa wa ayar nan ta Baƙara da na ambata, domin ayar ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba saboda ɗansa. Duka biyun a jumla ɗaya suka zo.

Alhaji_Sabo_Gwale:
To in haka ne ba laifi. Amma a aikace ba haka ake yi ba, sai ka je a ce yara sun yi barci.

Barista_Hadiza:
Shi ya sa na ce a rubuta rana da lokaci, Alhaji. Wannan kariya ce ga uba fiye da kowa. Idan takarda ta ce Asabar ƙarfe 10 na safe zuwa Lahadi bayan la'asar, mako biyu-biyu, aka hana ka sau uku, kana da abin da za ka kai wa alƙali: ga ranakun, ga wanda ya raka ni ya gani. Idan kuwa "ya riƙa zuwa ganinsu" kawai aka rubuta, za a ce ai ba a hana ka ba, kai ne ka zo a makare. Ga ƙananan yara kamar 'yar shekara 3 ɗin nan, gara a fara da wuni ba kwana, gajeru amma a kai a kai, sannan a rubuta cewa in ta kai shekara kaza za a fara kwana. Kuma a zaɓi mutum ɗaya da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, kawu ko gwaggo, ya zama shi ke miƙa yara. Yawancin zage-zagen da yara ke ji a bakin ƙofa ake yin su, lokacin ɗauka da dawowa.

Zainab_Tudun_Wada:
Tambayata: in uwar ta yi wani aure fa? Ai ba za ta dawwama a zawarci ba.

Abu_Sumayya_Fiƙihu:
Nan ne mutane suka fi kuskure. Haƙƙinta yana faɗuwa idan sabon mijin ya tare da ita, ba ranar ɗaurin aure ba. Kuma in ya faɗi, ba kan uba yake faɗawa ba. Jerin da Khalil ya kawo: uwa, sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai 'yar'uwar uwa, sai innar uwar, sannan kaka ta wajen uba, sannan uba, sai 'yar'uwar yaron, sai gwaggo. Ku duba inda uba ya fito. A Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar da ya ɗauki ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta wajen uwa ta bi shi har gaban Sayyidina Abubakar, shi kuma ya ce a bar mata shi, Umar bai ja ba.

Akwai togaciya. Idan sabon mijin muharramin yaron ne, kamar ƙanen ubansa, riƙo bai faɗi ba. Haka in jariri ne da ya ƙi karɓar kowa sai ita, ko babu wani mai riƙo da ya cancanta. Haka kuma in wanda riƙon zai koma hannunsa ya san ta tare, ya yi shiru shekara guda ba uzuri, to ya zubar da nasa. Sannan kakar da za ta karɓa, sharaɗi ne kada ta kasance gida ɗaya da uwar da haƙƙinta ya faɗi.

Zainab_Tudun_Wada:
In aure na biyun ya mutu, yaran za su dawo mata?

Abu_Sumayya_Fiƙihu:
A mashahurin zance na mazhaba, ba sa dawowa. Haka wadda ta sarayar da riƙo da kanta ba tare da uzuri ba. Wadda rashin lafiya ya hana ta, in ta warke tana iya nema. Don haka mata su yi hattara da kalmar "ga 'ya'yanku nan" da ake faɗa cikin fushi a gaban shaidu.

Lauya_Mai_Kare_Talaka:
A ƙara da hul'i a wannan gargaɗin. Mace ta ƙagu ta fita, miji ya ce sai ta bar masa yara a madadin sadaki, ta amsa a gaban alƙali, aka rubuta. Malikiyya ta yarda da hul'i a kan sarayar da riƙo in ba zai cutar da yaron ba, saboda haka warware shi daga baya aiki ne babba. Kada a haɗa shari'ar rabuwa da ta riƙo a numfashi ɗaya in ba dole. A gama ɗaya, a huce, a shigar da ɗayar.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar abin ya ɗan bambanta. Har yau ba mu da kundin dokar iyali guda ɗaya, don haka a maganar aure da saki da riƙon ɗiya, jastis, wato kotu, tana bin al'adar mutanen da ke shari'ar, alƙali yana zama da masu ba shi shawara da suka san al'ada da addini. Kuma abin da aka fi sani wurinmu shi ne shekara bakwai ɗin nan da Dan_Kurmi ya tambaya: yaro wurin uwa har bakwai, sannan uba ya amsa. Alƙali yana iya kauce ma hakan in ya ga maslahar yaron tana wani wuri. Na faɗi wannan ne saboda auratayya tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano, ba ta ƙirguwa. Takardar da aka yanke a gefe ɗaya ba ta aiki da kanta a ɗaya gefen, sai an bi ta kotun can.

Barista_Hadiza:
Gaskiya ne Malam, kuma ka taɓo babban rami. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 kan yaran da ɗaya daga iyaye ya tsallaka da su wata ƙasa, don haka babu wata gajeriyar hanya ta dawo da yaro. Wanda ke tsoron haka ya roƙi kotu tun farko ta rubuta cewa ba za a fitar da yaro daga ƙasa ba sai da rubutaccen izinin ɗayan ko na kotu, ta kuma faɗi wanda zai ajiye fasfo.

Musa_Injiniya:
Ko a cikin gida ma. Ma'aikaci ne aka yi masa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Legas, ko uwar ce iyayenta suka koma Kaduna. Yaya ke nan?

Abu_Sumayya_Fiƙihu:
Fiƙihu ya yi maganar. Ma'aunin shi ne tafiyar ƙaura, ba ta kasuwanci ko ziyara ba, mai nisan baridi shida, wato wajen kilomita 130. Kano zuwa Wudil bai kai ba, Kano zuwa Kaduna ya wuce. In uwa ce za ta ƙaura irin wannan nisa da yaro, waliyyi yana da ikon hanawa. In waliyyin ne zai ƙaura don zama na dindindin, yana iya tafiya da yaron, da sharaɗin hanya da garin da za a je akwai aminci, kuma alƙali zai iya rantsar da shi cewa ƙaura ce ta gaskiya ba dabarar ƙwace yaro ba. In uwar ta zaɓi ta bi su can, riƙonta yana nan.

Lauya_Mai_Kare_Talaka:
A nan ina da ja kaɗan, Malam, ba da hukuncin ba, da yadda ake ɗaukarsa. An sa wannan ma'auni ne lokacin da baridi shida tafiyar kwanaki ce a kan raƙumi. Yau Kano zuwa Kaduna wuni ɗaya an je an dawo. Alƙali yana da damar duba ko ƙaurar za ta yanke karatun yaro a tsakiyar zango, da wace mace ce za ta kula da shi a can, domin namiji ba ya samun riƙo sai yana da macen da za ta yi renon. In kishiyar uwa ce, ya halatta a tambaya ko ta yarda, da yawan yaran da ke hannunta.

Abu_Sumayya_Fiƙihu:
Sharaɗin macen da za ta yi reno yana cikin littafi, ban musa ba. Amma sauya ma'aunin nisan ba aikin kowane alƙali ba ne. Mu bar shi a nan.

Grace_Sabon_Gari:
Ku yi haƙuri, duk bayanin na Musulmi ne. Akwai Hausawa Kirista da sauran mazauna Arewa a zauren nan.

Barista_Hadiza:
Kin yi daidai 'yar'uwa. In auren rajista ne, shari'ar tana Babbar Kotun Jiha ƙarƙashin dokar rabuwar aure ta 1970, kuma sashe na 71 ya ce maslahar yaro ita ce a gaba da komai. Babu jeri na dangi kamar na fiƙihu. Alƙali yana duba shekarun yaro, wanda ya saba da shi, muhalli, makaranta, halin kowane ɗaya, yana iya sauraron yaron da ya yi wayo, yana kuma iya neman rahoton jami'an jin daɗin jama'a. Ƙananan yara an fi barin su wajen uwa sai in an nuna ba ta dace ba. Akwai kuma dokar haƙƙin yara ta 2003 wadda ta kafa kotun iyali, amma tana aiki ne a Abuja da jihohin da suka mayar da ita tasu, wasu da gyare-gyare. Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023. Abin da na lissafa a sama game da rana, lokaci da kuɗi, duk ɗaya ne ko a wace kotu.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai. Mu dawo kan kuɗin, don shi ne ke kai mata bango. An yanke, ya biya wata biyu, ya daina.

Lauya_Mai_Kare_Talaka:
Kotun da ta yanke za a koma, ba ofishin 'yan sanda ba, ba kuma sabuwar ƙara a wata kotu ba. A je da kwafin hukunci mai hatimi, da bayanan asusun banki da ke nuna watan da kuɗi ya tsaya. Kotu za ta aika masa sammaci ya zo ya faɗi dalili. In taurin kai ne tana da ikon tilasta shi, in ma'aikaci ne ana iya roƙon a riƙa cira daga albashi. In kuwa da gaske karayar arziki ce, sai a rage adadin, domin Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta ɗora ciyarwa ne gwargwadon hali.

Abu biyu da ke cin mata. Na farko jinkiri. A Malikiyya ciyar da 'ya'ya na watannin da suka wuce yana faɗuwa in babu hukuncin alƙali a kai, sai fa in wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. Wadda ta yi shekara uku tana haƙuri sannan ta zo neman bashin baya, za ta sha wuyar tabbatarwa. Ta shigar da ƙara da wuri, ko ta kafa shaidu cewa bashi take ciyarwa, ta ajiye rasit. Na biyu, adadin da ba ya motsi. Wanda aka yanke wa kuɗi kafin cire tallafin mai a 2023, yau kuɗin ba ya sayen abin da yake saye a da. A rubuta cewa za a sake duba adadin duk shekara, ko a yanke wani ɓangare da abinci: kwano kaza na shinkafa, kaza na masara, mai lita kaza.

UmmuKhalifa:
Kuma uwaye su sani, rashin biya ba ya ba su izinin hana ziyara. Uba ma hana shi ziyara ba ya ba shi izinin riƙe kuɗi. Abincin haƙƙin yaro ne, ba kuɗin ganinsa ba ne.

Dan_Kurmi_77:
Ni a ganina duk wannan a gama shi a Hisba ko gaban mai unguwa ya fi. Kotu tona asiri ce, kuma yaro ya girma ya ji uwarsa ta kai ubansa ƙara.

Barista_Hadiza:
Sulhu alheri ne, ba mai ja. Amma Hisba da mai unguwa masu sasantawa ne, takardarsu ba hukunci ba ce, ranar da ɗaya ya ƙi bi ba su da sandar tilastawa. Hanyar da ta haɗa biyun: a zauna a gida ko a Hisba a daidaita komai dalla-dalla, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, sannan a kai wa alƙali ya karanta musu, su amsa, ya mayar da ita hukuncin kotu. Zama ɗaya ne, ba tonon silili. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a jiharsa.

Malam_Rijistara:
Ƙarin bayani daga ɓangaren takarda. Ranar da aka yanke hukunci a nemi kwafi a ranar, a karanta kafin a bar harabar kotu, don wani lokaci abin da alƙali ya faɗa da baki bai shiga rubutu duka ba. Wanda bai gamsu ba, kwana 30 aka saba bayarwa na ɗaukaka ƙara, kuma maganar riƙo tana iya hawa har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin al'amuran iyali na Musulmi. A lura ko an yi i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Rashinsa kaɗai yana sa a rushe shari'a a sama a ce a sake ta, yara kuma suna nan a rataye. Sannan wanda ya zargi uwa da rashin tarbiyya ko sakaci, shi zai kawo shaidu. "An ce" ba ta karɓuwa.

Zainab_Tudun_Wada:
Akwai abin da ba a taɓa ba: gida. In iyayenta ba su da wurin da za ta zauna da yara biyu, wa zai biya haya?

Abu_Sumayya_Fiƙihu:
Muhallin yaro yana cikin abin da ke kan uba, amma an bar wa alƙali ya ƙiyasta. Abin da aka fi tafiya a kai shi ne uba ya biya kason yaran, ita ta ɗauki nata kason. Ladan riƙo kansa ba a biyan ta, amma ladan shayarwa ana biyan wadda aka yi wa saki ba na kome ba, ko wadda ta gama idda.

Alhaji_Sabo_Gwale:
To kason yara biyu a ɗaki ɗaya da uwarsu, yaya ake lissafa shi? Kashi biyu cikin uku, ko rabi? Barista, Malam Rijistara, wanne kuka fi gani ana yankewa?